Allura

Ni tela ne. Da allura nake ci, da ita nake sha,
shekara goma sha tara a rumfa guda,
bayan layin masu atamfa, babbar kasuwar Maraɗi.
Rigunan suna nawa na ɗinka wa ƴaƴan mutane? Ban ƙirga ba.
Wadda na ɗinka wa nawa
tana ƙasan akwati, ko wanki ɗaya ba ta gani ba.

Kwana biyar ya yi.
Tafin hannunsa na saɓulewa kamar ɓawon jiƙaƙƙiyar gyaɗa,
hanci a toshe, majina da ratsin jini,
in ka taɓa ƙafarsa ya tsandara kuka,
har kukan ya dishe.
Gwaggo ta ce zafi ne. Maƙwabciya ta ce baki ne.
Aka jiƙa saiwa, aka turara, aka tofa.
Ran Laraba bayan la'asar na ɗauke shi a hannu biyu,
bai kai nauyin yadi huɗu ba.
Ragon da na sayo a Tibiri, na mayar wa mai shi.

Wancan cikin Hurera ba ta je awo ba.
Ni na ce, mai lafiya me za ta yi asibiti?
Bana ba ta tambaye ni ba.
Wata uku, ta hau kabu-kabu zuwa unguwar Zariya.
Malama Barira ta soki yatsanta,
ɗigon jini ɗaya kan ɗan farin allo,
layi biyu suka fito.
Allura ta tono garma.

Tunjere, in ji ungozoma.
Ɓarawo ne mai haƙuri:
ya kwanta cikin jini shekaru,
uwa na daka, uwa na dariya,
shi kuwa yana bin cibiya zuwa wurin ɗa.
A zo mini da maigidan.

Hurera ta aza takardar kan keken ɗinki,
ta wuce ta hura wuta.
Kwana huɗu ina ɗinki a karkace.
Na tuna wani ɗan miki, tun ina saurayi,
ba zafi, ba ƙaiƙayi,
ya bushe da kansa, na yi hamdala.
Ashe ba fita ya yi ba,
ƙuryar ɗaki ya shiga ya ja ƙofa.

Na je. Ni kaɗai namiji kan benci,
mata goma sha biyu da tulunan cikinsu,
hulata har bisa gira.
Na shirya amsar wa ya kawo wa wa.
Ba a tambaya ba.
Nan ba kotu ba ce, Malam Tsalha, juya.

Ni da allura ta huda wa yatsa sau dubu,
sai ga gwiwata na rawa.
Ruwan fari ne, mai kauri kamar kindirmo,
ya shiga a hankali, ya zauna kamar dutse.
Kwana biyu da ƙafa ɗaya nake taka keke.
Talata uku a jere, ni da ita,
muna dawowa ta bakin masu zogalen Jiratawa,
kowa na ɗingishi, ba mai kallon wani.
A ta ukun ne ta yi dariya.

Daren da ruwa ya cika Gulbi ta sauka.
Mace.
Kafin in yi mata huɗuba, Allah Ya yafe mini,
hannunta na fara buɗewa.
Fata lumui, kamar sabon alharini.
Ƙafa ma haka. Hanci na shan iska ba gargada.
Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce ku dawo wata mai zuwa.

Sabuwar riga na yanka mata.
Ta akwati ta mai ita ce.

Yanzu in namiji ya kawo turmi
ya ce a saki ɗinkin, iyali na da juna biyu,
sai in rage murya:
ta je awo? An ɗibi jininta? Kai fa?
Wasu su yi dariya.
Wani ya naɗe atamfarsa ya tafi rumfar gaba.
Jiya ɗaya ya dawo, wai ya manta bai faɗi tsawon hannu ba,
ya daɗe yana wasa da almakashina,
sannan ya ce, wace rana suke yi?